Dariya a Ɗakin Mutum Ɗaya: Fina-finan Barkwanci da Kaɗaicin Ranar Biki a Abena

Ina gaida na cikin gida. Ina gaida na bakin shago. Ina gaida mai gadi da ya ƙudundune cikin bargo, rediyo a gefen kunne. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Abena, a gunduma ta bakwai ta birnin N'Djamena, da maƙwabtansu na Shagwa da Dembe da Atron da Gassi.

Yau za mu yi magana a kan dariya. Za mu kuma yi magana a kan kaɗaici. Ku riƙe waɗannan biyun, don za mu yi ta dawowa kansu. Da farko za mu duba wane ne biki ke bari shi kaɗai a unguwarmu. Sannan mu shiga fina-finan barkwanci, na waje da namu na Hausa. Daga nan mu ji abin da masu bincike suka gano game da dariya. Sai mu zo kan abin da ni da ku za mu iya yi tun a wannan mako.

To, mu fara da unguwa.

Duk wanda ya san Abena ya san yadda Disamba take zuwa. Tashoshin mota sun cika maƙil. Ana ɗaure buhuna da jarkoki a saman bas. Ga masu tafiya Bongor, ga masu Kelo, ga masu Mundu da Doba da Sarh. Mutanen Abena da yawa asalinsu kudu ne, kuma Kirsimeti da sabuwar shekara a gaban iyaye suka fi daɗi. Mai kuɗin mota ya tafi. Waɗanda suka zauna da iyalinsu kuwa sun ɗinka sababbin kaya. Mawaƙan coci na ta gwaji da yamma. Kiɗa na tashi daga kowane lungu.

Amma ku leƙa ɗakunan haya. Akwai ɗalibin jami'a da kuɗin motarsa bai haɗu ba. Akwai yarinya mai aikatau da uwar ɗakinta ta ce babu hutu, don baƙi na nan tafe. Kun san su, matasan nan da ake wa laƙabi da ma'aikatan titin arba'in. Da asuba suke fita a ƙafa zuwa gidajen arewacin gari, sai rana ta faɗi su dawo. Akwai ɗan kilando, wato mai haya da babur, da zai yini yana kai mutane gidajen biki, shi kuwa ba wanda ya ce masa sauko ka ci abinci. Akwai tsohuwa da 'ya'yanta suka watsu, wani a Kamaru, wani a Faransa.

Akwai kuma namu. Mai shayi daga Maraɗi. Mai tsire daga Katsina. Ɗan tireda daga Kano ko Maiduguri, wanda matarsa da yaransa ke can gida. Kirsimeti ba bikinsa ba ne, amma hayaniyar gidajen mutane tana tuna masa da nasa gidan. In Sallah ta zo kuma, ya sa sabuwar riga, ya je idi, ya gaisa da jama'a, kafin azahar ya dawo ɗaki. Babu tuwon Sallah daga hannun matarsa. Babu yaran da za su rufe shi suna neman goron Sallah.

Abena unguwa ce mai bukukuwa iri biyu, na Kirista da na Musulmi. Saboda haka kowane biki ya zo, akwai wanda ke bayan ƙofa shi kaɗai. Zan maimaita. Kowane biki ya zo, akwai wanda ke bayan ƙofa shi kaɗai.

Hausawa kuwa sun daɗe da sanin baƙunta a wannan gari. Tun ana kiransa Fort-Lamy, kafin a sauya masa suna zuwa N'Djamena a 1973, masu tafiya Makka a ƙafa suke yada zango a nan. Wasu su yi shekaru suna neman guzuri. Wasu kuma zama ke nan har abada. Mutanen wancan zamani suna da tsari. Akwai zango, akwai mai masauki, baƙo ba ya cin tuwo shi kaɗai. Yau gari ya faɗaɗa, kowa ya kama ɗaki ya sa kwaɗo. Tsarin nan ya yi rauni, kuma a ganina mun yi babbar asara.

Yanzu mu tsaya kaɗan mu fahimci abin da ake nufi da kaɗaici.

Zama kai kaɗai daban, kaɗaici daban. Mutum na iya zama shi kaɗai a ɗaki, ransa fari ƙal, yana hutawa. Wani kuma yana tsakiyar kasuwar Dembe, ana bangazarsa ta ko'ina, amma zuciyarsa na gaya masa ba shi da kowa. Wannan na biyun shi ne kaɗaici. Giɓi ne tsakanin zumuncin da kake so da wanda kake samu.

Wani zai ce, ai wannan ciwon Turawa ne, mu nan muna da dangi. Ɗan'uwa, alƙaluma ba su goyi bayanka ba. A watan Yuni na 2025, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a kan wannan matsala. Ta ce mutum 1 cikin kowane 6 a duniya yana fama da kaɗaici. Ta ce ana danganta shi da mutuwar mutane kimanin 871,000 a kowace shekara. Ga inda ya shafe mu kai tsaye. A ƙasashe matalauta, kusan kashi 24 cikin 100 ne suka ce suna jin kaɗaici. A ƙasashe masu arziki, kusan kashi 11 ne. Wato namu ya ninka nasu. Kuma matasa suna cikin waɗanda abin ya fi kamawa. In ya daɗe, yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon damuwa.

Mu dai kunya ce ke rufe mana baki. Ka tambayi mutum yaya yake, ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya juya ya shiga ɗaki, ya jawo waya.

To, me yake kallo a wayar? Mun zo kan fina-finai ke nan.

Akwai wani fim na Amurka da ya fito a 1990, sunansa Home Alone. A nan Chadi da yawa sun san shi da sunansa na Faransanci, Maman, j'ai raté l'avion. Duk Disamba sai tashoshin talabijin na duniya sun maimaita shi. Labarin wani yaro ne ɗan shekara 8, Kevin, kusa da birnin Shikago. Danginsa sun cika gida, za su tafi Paris bikin Kirsimeti. Ya yi faɗa da yayansa, aka tura shi ɗakin sama, ya kwanta yana fatan kowa ya ɓace. Cikin dare wuta ta ɗauke, agogo bai kaɗa ba, aka makara. Aka fita a guje, aka yi kuskuren ƙirga yara. Sai da jirgi ya tashi uwar ta tuna da ɗanta.

Da farko yaro murna ya yi. Ya yi tsalle a kan gado, ya ci abin da ya ga dama. Sai ga ɓarayi biyu sun ɗora ido a kan gidan. Yadda ya ɗana musu tarkuna, suna zamewa, suna ƙonewa, suna ihu, shi ne abin da ke sa yara birgima don dariya. Iyaye, a nan zan ɗan ja hankalinku. In kun kalla tare da yara, ku gaya musu wasa ne na fim. Wuta da guga da ƙusa ba abin gwadawa ba ne a gida.

Amma ni ba ɓarayin ne suka tsaya mini a rai ba. Wani tsoho ne maƙwabcinsu, mai yawo da shebur. Yaran unguwa na tsoronsa, suna cewa mai kisan kai ne. Daren jajibirin Kirsimeti Kevin ya gamu da shi a coci. Tsohon ya gaya masa gaskiya. Shekaru ke nan da ya yi faɗa da ɗansa, ba sa magana. Ya zo ne ya hangi jikarsa tana waƙa daga nesa. Yana tsoron ya kira ɗan a waya a ƙi amsa masa. Yaro ɗan shekara 8 ya ce masa ya daure ya kira. Daga baya tsohon nan ne ya ceci yaron daga hannun ɓarayi. A ƙarshen fim kuma ga shi rungume da jikarsa. Ashe mutum biyu ne ke cikin kaɗaici a layin nan, yaro da tsoho, gida na kallon gida. Ku tambayi kanku, wane ne tsohon layinku?

Tun kafin wannan, a 1925, Charlie Chaplin, wanda masu jin Faransanci ke kira Sharlo, ya yi fim mai suna The Gold Rush. Fim ne na zamanin da ba a magana a cikin fim. Ya fito a matsayin talaka mai neman zinariya. Wasu 'yan mata suka yi masa alkawarin zuwa cin abinci daren sabuwar shekara. Ya yi ƙwadago ya tara 'yan kuɗi. Ya shirya tebur, ya kunna kyandir, ya ajiye wa kowace kyauta. Ya zauna yana jira. Barci ya kwashe shi, ya yi mafarkin sun zo. A mafarkin ne ya soka cokula masu yatsu a jikin burodi biyu, ya mai da su ƙafafu, ya sa su rawa a kan tebur. Shekara ɗari ke nan mutane na dariyar rawar nan. Da ya farka, ba kowa a ɗakin. Sun manta da shi.

Haka ma Mista Bin na Ingila, wanda ba yaron da bai san shi ba a gidajen kallo. A wasansa na Kirsimeti na 1992, shi ya rubuta wa kansa katunan gaisuwa. Ya fita waje, ya zuro su ta ƙofar ɗakinsa, ya shigo ya tsince su yana murna. Muna dariya, amma duk wanda ya taɓa duba wayarsa ranar Sallah bai ga saƙon kowa ba ya san abin da ke ƙarƙashin wannan dariya.

Yanzu mu dawo gida, mu dubi namu.

Ku lura da wani abu. A barkwancin Hausa da wuya ka ga mutum shi kaɗai. Marigayi Usman Baba Pategi, Samanja mazan fama, barikin soja ya cika da tsawa da kwamacalar Hausa da Turanci. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda aka haifa a 1971, ya yi aikin gandiroba kafin ya rungumi wasan kwaikwayo, ya rasu ranar 10 ga Disamba 2014. Ibro bai taɓa rasa abokin rigima ba. In ba mata ba, mai bin bashi. In ba mai bin bashi ba, maƙwabci ko mai unguwa. A irin waɗannan fina-finai da ake kira camama, wato na barkwanci masu ƙaramin jari, Bosho da Daushe da Baba Ari da Naburaska duk a cikin taro suke baje kolinsu. Ga kuma Gidan Badamasi da Falalu Ɗorayi ya ba da umarni, aka nuna a tashar Arewa24. Attajiri marowaci a kan keken guragu, 'ya'ya birjik, kowa ya zuba ido a kan dukiya. A can waje, abin dariyar shi ne gida ya zama wayam. A wurinmu, abin dariyar shi ne gida ya cika har ba wurin sa ƙafa.

Shi ya sa in Bahaushen da ke zaune a ɗakin haya a Abena ya kunna Ibro, abu biyu ke faruwa. Yana jin harshensa, da karin maganar gida, da irin rigimar tsakar gidansu. Wannan yana sanyaya rai ƙwarai, kada wanda ya raina shi. Amma fim na ƙarewa, ɗakin ya ƙara yin tsit. Kewar gida ta dawo sabuwa.

Me ya sa haka? Nan ne masu bincike suka shigo.

Wani masani ɗan Amurka, Robert Provine, ya yi shekaru yana bin diddigin dariyar mutane a tituna da wuraren taruwa. Ya gano cewa mutum ya fi yin dariya wajen sau 30 in yana tare da wasu, a kan in yana shi kaɗai. Sau 30, jama'a. Ya kuma gano cewa yawancin dariyarmu ba don an faɗi abin ban dariya ba ne. Hanya ce ta gaya wa na kusa da kai cewa ina tare da kai.

A Jami'ar Oxford ta Ingila kuma, Robin Dunbar da abokan aikinsa sun wallafa wani gwaji a 2011. Sun zaunar da mutane, wasu suka kalli barkwanci, wasu suka kalli shirin da ba dariya a ciki. Sai aka gwada juriyarsu ga zafi, misali ta hanyar matse hannu da abin awon hawan jini. Waɗanda suka ƙyalƙyale da dariya sun fi jurewa. Masanan sun danganta haka da wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke saki, ana kiransa endofin. A sauƙaƙe, maganin zafi ne da jiki ke haɗa wa kansa. Amma sai dariya ta gaske, irin mai sa ciwon ciki, ita ke fito da shi. Irin wannan dariya kuwa cikin jama'a ta fi zuwa.

Ga abin da nake so ku tafi da shi. Fim ɗin barkwanci ga mai kaɗaici kamar maganin ciwon kai ne ga mai zazzaɓin cizon sauro. Zai sauƙaƙa masa, ya samu ya runtsa. Amma zazzaɓin na nan. Maganin kaɗaici mutum ne. Zan sake faɗa. Maganin kaɗaici mutum ne, fim kuwa hanya ce mai sauƙi ta jawo mutumin kusa.

Garin nan ya san daɗin kallo tare. Dattawa na tuna silimomin da, kafin yaƙin basasa ya durƙusar da su. Mai shirya fina-finai Mahamat-Saleh Haroun, ɗan Abeshe, ya nuna waɗannan rusassun silimomi a fim ɗinsa Bye Bye Africa na 1999. Da ya ci kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Cannes a 2010, aka gyara silimar Normandie, aka sake buɗe ta a 2011. Mu na unguwa kuwa gidan kallo muka sani. Rumfar kwano, bencina, janareta na ruri, mutum hamsin na dariya lokaci guda. Yau kowa da silimarsa a tafin hannu, da abin toshe kunne. Fina-finai sun yawaita, dariyar ta ragu.

Mun zo kashi na ƙarshe. Me za mu yi?

Da kai zan fara, kai da ka san bikin nan kai kaɗai zai same ka. Kada ka bari ranar ta zo maka ba shiri. Tun yanzu ka tanadi fim biyu ko uku. Kuɗin intanet na da tsada, wuta kuma ba ta da tabbas, to ka sauke su tun da wuri, ka cika batir. In da hali ka ɗauko daga tashoshin masu fim ɗin na YouTube, don su ma su ci guminsu. Ka dafa abinci na kirki, ko ka saya, ka zauna ka ci a natse. Ka je masallaci, ko ka je coci, ka tsaya a gaisa bayan an tashi. Ka yi alkawari da mutanen gida a kan lokacin da za ku yi waya, don ka sami abin jira. Sannan ka rage leƙen hotunan bikin mutane a Facebook da TikTok. Kowa kyakkyawan ɗinkinsa yake nunawa, ba ya nuna bashin tela.

Sai babban abin. Ka gayyaci mutum ɗaya. Mutum ɗaya kawai. Na san faɗin ina jin kaɗaici yana da nauyi a baki. Ba sai ka faɗa ba. Cewa za ka yi, malam, na samo wani tsohon fim na Ibro, zo mu kalla, ga shayi a wuta. Shi ke nan. Ka jingina waya a jikin kofi, ku matso. Wataƙila shi ma tun safe yake neman wanda zai ce masa haka.

In maƙwabcin naka ba ya jin Hausa, Ngambai yake ji, ko Larabcin Chadi, ko Faransanci, to ga amfanin Sharlo da Mista Bin. Ba su buƙatar tafinta. A kula kuma da zaɓi. Wasu fina-finanmu suna cike da tsokanar ƙabila, ko kwaikwayon masu lalura. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, yana da daɗi ga waɗanda suka gaje shi, sun san iyakarsa. A gaban baƙon da bai san shi ba, yana iya zama cin fuska. A unguwa irin Abena, a zaɓi abin da kowa zai yi dariya ba tare da wani ya sunkuyar da kai ba.

Wata magana kuma, cikin girmamawa. Mashaya na da yawa a unguwar nan, kuma a daren biki ƙofarsu a buɗe take. Mai neman mantuwa a kwalba, gari na wayewa zai tarar da kaɗaicinsa na jiransa, ga aljihu ya bushe. Haka ma ƙwayoyi irin su tiramol. In kuma baƙin cikin ya wuce mako biyu, ba barci, ba cin abinci, ba sha'awar komai, wannan ya wuce aikin fim. A je asibiti a ga ma'aikacin lafiya. In har tunanin cutar da kai ya fara zuwa, a gaya wa wani yau, kada a kwana da shi.

Yanzu gare ku, masu gida cike da iyali. Baba, Inna, Alhaji, Hajiya. Ku ne masu talabijin, ku ne masu tabarma, ku ne masu tukunya babba. Musulunci da Kiristanci duka sun ɗaukaka haƙƙin maƙwabci. Aika kwanon abinci abu ne mai kyau, mun saba da shi, Allah Ya saka da alheri. Amma kwano na shiga ɗaki, ƙofa ta sake rufewa. Bana ku ƙara da kiran mutumin. Ku fito da talabijin tsakar gida bayan sallar isha'i. Ku aiki yaro ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗalibin nan, da ta mai gadi, da ta tsohuwar ƙarshen layi. In ya ce a'a, kunya ce, ku sake aikawa. Mai 'yar aiki kuma ta sallame ta da wuri ranar bikinta, ko ta zaunar da ita cikin yara a yi kallon tare.

Kafin ku kwanta yau, ku ƙirga ƙofofin gidanku da na layinku. Ku gano wadda ba za a buɗe ba ranar biki. Gobe da safe ku je ku yi sallama a bakinta, ku sa rana, ku zaɓi fim. Nan muka kawo ƙarshen shirin namu na yau. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya sada kowa da iyalinsa. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.